Wannan na'urar mai batir da ke buɗe kwaɗo, wai da gaske ne?

Alhaji Mai Atamfa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masana ku taimaka min da bayani, tun daren jiya abin nan ya tsaya min a rai. Yarona ne ya nuna min wani bidiyo a wayarsa, wani bature ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar abin askin nan na caji, da wani siririn ƙarfe a bakinta kamar allura, ya zura a kwaɗo ya danna tana kaɗawa zirrr, kafin kace kwabo kwaɗon ya buɗe, ba makulli ba komai, kuma bai lalace ba don ya mayar ya kulle a gaban kyamara. Ni kuma wlh kusan irin wannan kwaɗon ne guda uku a ƙofar shagona a Kwari, haka a sito, haka a get ɗin gida. Toh idan abin nan gaskiya ne kenan duk daren Allah a buɗe muke barin dukiyar mutane muna tafiya gida, don rabin kayan shagon nan ma bashi ne ba nawa ba. Haɗi ne irin na masu neman mabiya ko kuwa?

Abba Mai Waya: Wa'alaikumussalam Alhaji. Ba haɗi bane wlh. Akwai wani ɗan Amurka a YouTube, LockPickingLawyer, fuskarsa ma baya nunawa sai hannuwansa, mabiyansa miliyoyi ne, aikinsa kenan ya ɗauko kwaɗo ya buɗe a gabanka, wani ko minti ɗaya baya kaiwa. Ni tun da na fara kallonsa na cire rai da kwaɗo gaba ɗaya.

Oga Makulli: Alhaji ranka ya daɗe ka kwantar da hankalinka tukuna. Sana'ata kenan, na haura shekara ashirin ina yankan makulli ina buɗe wa waɗanda nasu ya ɓata, bari in ɗauko maka daga tushe. Cikin irin kwaɗon da ke hannunka akwai wani ɗan silinda na tagulla, shi ne yake juyawa in ka murɗa makulli. A samansa akwai ramuka a jere, huɗu ko biyar wani shida, kowane rami da 'yan fil guda biyu ɗaya kan ɗaya, sai ɗan sifirin a sama yana danne su. In babu makulli a ciki, fil ɗin sama sun sauko sun tokare silindan, ko me zakayi ba zai juya ba. Haƙoran nan da kake gani a jikin makulli aikinsu ɗaya ne, su ɗaga kowane fil daidai gwargwadon da mahaɗar na sama da na ƙasa zata zo daidai bakin silinda, duk suka daidaita sai ya juya, shi kenan sirrin.

Ita wannan na'urar ba wani tunani take yi ba, duka take yi. Kun ga yaran nan masu buga sunuka, in aka buga ƙwallo ta daki wadda ke manne da wata, ta farkon tsayawa take, ta bayan ce ke tashi. Haka take yi wa fil, tana dukan na ƙasa na sama suna tsalle, cikin ƙiftawar ido akwai lokacin da duk na saman suna sama babu abin da ya riƙe silinda. Kuma ba sabon abu bane, akwai ta hannu mai kunama kamar ta bindiga tun kafin a haifi da yawanmu, mai batir ɗin kawai ta fi ta saurin maimaita dukan ne.

Alhaji Mai Atamfa: Innalillahi. Oga ai ƙara tayar min da hankali kayi, kenan dai gaskiya ne.

Oga Makulli: Gaskiya ne amma da saura Alhaji. Na farko ƙara take yi, ba a ɓoye ta cikin dare a layin da yake da maigadi. Na biyu tana son hannu, wanda bai saba ba zai ɓata lokaci yana cinye fil ɗin a banza. Na uku, wanda ke bidiyo yana zaune ne a teburinsa da fitila, kwaɗo sabo dal a hannunsa ko ya ɗaure shi yadda yake so, ba fargaba ba tsoron a kama shi, ba ɗaya bane da kwaɗon da ke can ƙasan ƙofar shago wanda ya sha ƙurar hunturu da ruwan damina har kai mai makullin sai ka jijjiga yake buɗewa. Sannan akwai makullan da ake sa musu fil na musamman, wani an rame masa tsakiya kamar ƙwaryar zare, wani an yi masa tsaga tsaga, sai su riƙa maƙalewa a bakin silinda maimakon su wuce salin alin. Ban ce ba a buɗe su ba, amma aikin yana ƙaruwa sosai.

Garba Walda: Salam. Ni bari in faɗi abin da idona yake gani, don mu ake kira da sassafe in an fasa shago. Wlh tun da nake ban taɓa zuwa na tarar an buɗe kwaɗo lafiya lau an ajiye ba sai in da hannun na ciki. Abin da nake tararwa shi ne an datse wuyan kwaɗon da almakashin ƙarfe, ko an sa rodi an ɓanɓare kunnen da ake rataya kwaɗon, ko kuma ba a ma taɓa ƙofar ba, an cire kwano ta sama an faso silin, ko an huda bango ta baya inda bulo ɗin ba siminti. Sai kaga mutum ya sayi ƙaton kwaɗo mai tsada ya rataya a kunnen da aka ɗan ɗiga masa walda sau biyu da falanki mara kauri, wanda ko yaro ya taka da ƙarfi zai lanƙwashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga Alhaji, kuma tsagar mu yawanci ba a cikin kwaɗon take ba, a abin da ke riƙe da shi take.

Abba Mai Waya: Oga Garba wancan ɓarayin da kenan. Na yanzu suna da data suna kallo, kuma kayan nan ana odarsu ta intanet. Abin da baka gani ba bana zaka iya gani baɗi.

Garba Walda: Ƙanina ɓarawo sauƙi yake nema ba burgewa ba. Wanda rodi ya ishe shi me zai sa ya sayi inji ya zauna koyo.

Maman Khalifa: Assalamu alaikum, ku yi haƙuri zan sa baki don abin ya taɓa faruwa dani. Lokacin da muka tare a wani gidan haya, wata na biyu muka je biki garinmu kwana uku, muka dawo ƙofa a kulle yadda muka barta, taga lafiya, amma an kwashe min zannuwa da 'yan kunnen gwal ɗina da na gada wajen mahaifiyata Allah ya jiƙanta, da talabijin. Har yau in na tuna 'yan kunnen nan sai na yi hawaye, ba don kuɗinsu ba. Kowa yazo sai yace siddabaru ne, wasu suce layar zana, ni kuma daga baya na gane makulli biyu kawai mai gidan ya bamu alhali irin wannan makullin da uku ko fiye yake zuwa, kuma mutum nawa suka zauna a gidan kafin mu Allah kaɗai ya sani. Bamu canza ba don bamu kawo komai a ranmu ba. Yanzu da nake karanta maganarku sai nake tunanin ko irin wannan na'urar aka sa min?

Oga Makulli: Allah ya mayar da alheri Hajiya, Allah ya jiƙan Mama. Ba zan rantse ba tunda ban ga makullin ba, amma a yadda kika ba da labari sifiya ce a hannun wani. Wannan shi ne ya fi yawa a abin da nake gani. Duk wanda ya kama haya, ranar da ya shiga ya canza silindan ƙofa, ba sai an cire duka makullin ba, irin na zamanin nan noti ɗaya ne a gefen ƙofa ke riƙe da shi, aikin minti goma ne kuma kuɗinsa bai kai na labulen falo ba. Haka wanda ya gama gini, makullin nan ya bi hannun birkila da mai fenti da mai tayil da mai wayarin da yaransu wata da watanni, sai ka tare ka cigaba da amfani da shi.

Maman Khalifa: Amin na gode. Akwai kuma wani abu, a makarantar kwana da nayi makullin akwatin wata yana buɗe na wata, har faɗa ake yi a kai. Shi ma me ke kawo shi?

Injiniya Bradford: Hajiya wannan lissafi ne. In makulli yana da fil 5 kuma kowane fil zai iya ɗaukar tsayi iri 10, a takarda kina da makulli daban daban 100,000, duk da a aikace basa kaiwa haka don wasu yankan basa yiwuwa. Amma a ce kamfani ya rage kuɗin aiki yayi fil 4 da tsayi iri 4 kacal, 256 kenan gaba ɗaya, sai ya buga dubbai ya zuba a kasuwa, dole makullin wata ya buɗe na wata, balle in aikin ba a matse yake ba, makullin da yayi kusa ma sai ya wuce. Araha bata ado.

Alhaji kuma ina so in ɗan kwantar maka da hankali da tarihi, don wannan firgicin da ka shiga turawan Ingila sun shige shi tun 1851. Akwai wani Joseph Bramah da ya ƙera makulli a 1784, suka rataya ɗaya a tagar shagonsu a Landan da alkawarin kuɗin zinariya na Ingila guda 200 ga duk wanda ya buɗe, ya shekara kusan sittin ba wanda ya iya. Akwai kuma na Chubb na 1818 wanda in ka taɓa shi da abin da ba makullinsa ba sai ya cije ya tona maka asiri. A 1851 lokacin babban baje kolin Landan wani ba'amurke Alfred Charles Hobbs yazo ya buɗe na Chubb, sannan ya zauna wa na Bramah ya buɗe shi cikin awa 51 a tsawon kwana 16. Jaridu suka ɗauka, masu dukiya hankalinsu ya tashi kamar yadda naka ya tashi jiya. Amma ka duba fa, awa 51. Wane ɓarawo ne zai samu awa 51 a ƙofar shagonka? Tun daga lokacin masu sana'ar suka daina tambayar ko za a iya buɗewa, suka koma tambayar minti nawa zai ɗauka da kuma wane irin ƙara za a yi. Irin namu mai fil ɗin nan kuma Linus Yale ƙarami ne ya daidaita shi a shekarun 1860 a Amurka, kaga fasahar ta haura shekara 150, ba abin mamaki bane an san lagonta.

Ustaz Abu Maryam: Assalamu alaikum. Na karanta duka kuma na ƙaru, amma ni akwai abin da bai kwanta min ba. Me ya sa za a bar mutum ya zauna yana koya wa duniya yadda ake buɗe ƙofar mutane? Allah ya ce ku taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Yaron da bashi da aiki yana zaune a majalisa da waya, ka nuna masa wannan, me kake tsammani? Ni da za a bi tawa ko a gidan nan kada a sake turo irin bidiyon.

Injiniya Bradford: Allah ya gafarta Malam, wannan muhawarar ma tun zamanin Hobbs ake yinta, kuma amsar da ya bayar ita ce ɓarayi sun riga sun san sana'arsu fiye da yadda za a koya musu, wanda bai sani ba shi ne mai gida, in aka yi shiru shi kaɗai aka bari a duhu. Kuma an ga haka a aikace. A 2004 aka yaɗa bidiyon yadda ake buɗe wani makullin keke mai tsada a Amurka da bututun biro, alhali an san matsalar shekaru kafin nan ba a gyara ba, sai da abin ya fasu kamfanin ya karɓi tsofaffin ya canza wa mutane. A 2005 'yan wata ƙungiyar masu sha'awar makulli a Holan, TOOOL, suka fito da bayani a kan buɗe makulli da duka, daga nan kamfanoni suka fara fito da waɗanda ke jure hakan. Da ba a yi magana ba Alhaji da har yanzu yana ganin kwaɗo uku sun ishe shi.

Ustaz Abu Maryam: Injiniya can da ka faɗa akwai kamfanin da za a kama a ce ya canza. Mu nan wa zaka kama? Kwaɗon an buga masa sunan da ba nasa ba, wanda ya shigo da shi baka san shi ba, mai shagon da ya sayar maka shima sara yayi. Kenan mu ilimin ɓarnar ne zai iso mu, gyaran ba zai iso ba. Wannan shi ne damuwata.

Injiniya Bradford: Wannan kam ka faɗi gaskiya Malam, bani da amsar da zata share shi. Abin da zan ce kawai bidiyon ya riga ya iso wayar yaron Alhaji ba tare da izinin kowa ba, toshe shi ba a hannunmu yake ba.

Admin: Jama'a matsaya, bayani a kan yadda makulli ke aiki da yadda za a kare kai muna maraba, amma kada wanda ya turo inda ake sayar da kayan ko bidiyon koyarwa mataki mataki. Wanda ya turo zan goge. Ku cigaba.

Barista: Dama ina son in ja kunnen matasanmu masu cewa zasu yi oda don gwaji. Ƙasashe da dama riƙe irin kayan nan ba tare da dalili ba laifi ne. A Ingila sashe na 25 na dokar sata ta 1968 ya hana fita da kayan da aka tanada don fasa gida ko sata. Japan ta yi doka ta musamman a 2003 kan mallakar kayan buɗe makulli. A nan gida ma sashe na 417 na kundin laifuka da ake aiki da shi a kudu ya ce wanda aka samu da kayan fasa gida da dare ba tare da uzuri ba ya yi laifi, kuma shi ne zai kawo hujjar uzurin nasa. Ku bar ma maganar kotu, ka tuna a ina kake, 'yan sintiri su tare ka ƙarfe ɗayan dare su laluba aljihunka su ga wannan, kafin ka gama cewa a YouTube na gani jama'a sun taru, kuma mun san abin da taron jama'a ke yi wa wanda aka kira ɓarawo. Dan Allah ku kiyaye rayukanku.

Oga Makulli: Barista Allah ya saka. Mu kanmu masu sana'ar bana buɗe wa kowa ƙofa sai maƙwabta sun shaida gidansa ne, in shago ne sai shugaban layi yana tsaye. An sha zuwa min da labari mai daɗi in ce a kira mai unguwa sai kaga mutum ya sulale.

Abba Mai Waya: Toh ni dai mafita a wajena a koma na zamani, mai ɗan yatsa ko lamba ko wanda zaka buɗe da waya. Babu ramin makulli balle a zura wani abu.

Injiniya Bradford: Abba duba da kyau, yawancinsu akwai ramin makulli a ɓoye a ƙasa saboda ranar da batir ya mutu, kuma sau da yawa wannan silindan na ko ta kwana shi ne mafi araha a jikin ƙofar. Sannan na lantarkin ma yana da nasa ciwon, a 2012 wani matashi mai suna Cody Brocious ya nuna a wani taron masana tsaro a Las Vegas yadda ɗan ƙaramin allon lantarki mai arha ke buɗe makullin kati na ɗakunan otal, kuma irin makullin yana jikin miliyoyin ƙofofi a duniya. Ban hana ka saka ba, yana da amfaninsa musamman wajen da mutane da yawa ke shiga, in yaron shago ya bar aiki sai ka goge yatsansa ba sai ka canza komai ba. Amma kada ka ɗauka ka gama.

Nan inda nake ma abin da ya addabi mutane ba na'ura bace, karya silinda ake yi, don irin na turai ɗin nan da muke sakawa a ƙofofin ƙarfe a gida yana da rauni a tsakiya wajen notin, yankin nan na Yorkshire a Ingila ya yi suna a kan wannan matsalar. Shi ya sa suka fito da ma'auni, zaka ga an buga taurari uku a jikin silinda, TS007, ma'ana an gwada shi da karyawa da hudawa da duka. Wanda zai saka silinda a gida ya tabbata bai leƙo waje da yawa ba, ya zauna daidai da fuskar hannun ƙofar.

Maman Khalifa: Ikon Allah, namu wlh ya leƙo kusan rabin ɗan yatsa. Zan nuna wa Baban Khalifa yau in ya dawo.

Oga Makulli: A canza Hajiya, tsayi tsayi ne ake sayarwa, kafinta ne ya saka wanda ya samu. Kuma wani abu da nake ta faɗa ba a ji, ku daina ɗaukar hoton makulli kuna sakawa a Facebook da sitatus, Alhamdulillah mun tare a sabon gida ga makulli a tafin hannu haƙoransa tar. Ni da idona in na kalli makulli nasan yankansa kusan duka, balle wanda ya zauna da hoto.

Injiniya Bradford: Wannan an tabbatar da shi Oga. A 2008 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun kwafi makulli daga hoton da aka ɗauka daga nisan kusan mita 60. Haka makullan da jami'an filin jirgin Amurka ke buɗe akwatunan matafiya da su, hotonsu ya fita a jarida, zuwa 2015 mutane sun kwafe su suna bugawa da injin ɗab'i mai fitar da abu.

Alhaji Mai Atamfa: Toh jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma ni ɗan kasuwa ne a gaya min abin da zan saya. Akwai kwaɗon da wannan abar bata buɗewa ko babu?

Oga Makulli: Akwai Alhaji. Akwai wanda cikinsa ba fil da sifirin bane, faifai ne a jere kamar kwabbai, makullin yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan ƙasar Finland Emil Henriksson ne ya ƙirƙiro shi a 1907, shi ne asalin makullan kamfanin Abloy. Tunda babu fil ɗin da zai yi tsalle, dukan na'urar baya masa komai, kuma yana jure ƙura fiye da mai sifirin. Na asalin yana da tsada sosai. Akwai masu kwaikwayonsa masu araha a kasuwa, su ma wannan na'urar bata aiki a kansu amma suna da nasu raunin, ƙarfen jikinsu ba wani abin kirki bane. In zaka saya ka duba wuyan, ya zama mai kauri kuma jikin kwaɗon ya rufe shi ta yadda almakashi ba zai samu wajen kamawa ba, ka ɗaga kaji nauyi, ka duba makullin in haƙora uku ne ko huɗu marasa zurfi ka ajiye. Kuma kada ka sayi uku iri ɗaya, ka haɗa iri biyu daban, wanda ya shirya wa ɗaya sai ya tarar da ɗayan.

Garba Walda: Ni kuma nawa, a yi wa kwaɗon akwati na ƙarfe mai kauri a jikin ƙofar, ya zama sai ka zura hannu ta ƙasa kake kaiwa gare shi. Ba almakashi ba rodi ba guduma, ita kanta na'urar taku ba zata samu wajen tsayawa daidai ba. A duba hinjis, in a waje suke a ɗiga musu walda kada a zare. A sa rodi a ƙarƙashin kwano ta ciki. Gida kuma in kuna ciki da dare sakata ta ƙarfe sama da ƙasa, ita bata da ramin da za a zura komai ta waje. Sai dai a bar makullin ƙarfen taga ko na ƙofar baya inda kowa a gidan ya sani saboda gobara, mun ga inda mutane suka kulle kansu da yawa wuta ta tashi aka rasa ta inda za a fito da su, wannan ya fi sata ciwo.

Ustaz Abu Maryam: Wannan nasihar ta ƙarshe a riƙe ta da kyau. Kuma kulle ƙofa da dare sunna ce, ya tabbata a Bukhari da Muslim Annabi SAW ya yi umarni a rufe ƙofofi a ambaci sunan Allah. Malaman fiƙihu ma da suke maganar haddin sata sun sa sharaɗin a ɗauke kayan daga ma'ajinsa da aka tsare shi, kaga shari'a ta ɗora wa mai kaya nasa nauyin. A ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ina nan dai a kan bakana game da yaɗa bidiyon, amma bayanin da aka yi yau ban ga aibunsa ba.

Alhaji Mai Atamfa: Yanzu na fito daga sallar la'asar na tsaya na duba ƙofar shagon da idon basira. Malam Garba wlh kamar kana gani, kunnen na ƙasa waldar ta tsage gefe ɗaya har ina iya motsa shi da hannu, na sito kuma da noti aka ɗaure shi kuma kan notin yana waje. Sannan na ƙirga, makullin sito yana hannun mutum huɗu, biyu daga ciki sun bar wajena tun bara kuma ban karɓa ba. Ka turo min lambarka ta akwatin sirri, in Allah ya kaimu Asabar da safe kafin a buɗe kasuwa kazo da injinka. Oga Makulli kai ma ina son ka raka yarona ya zaɓo kwaɗon, don shi in ya je mai ƙyalli zai ɗauko.

Garba Walda: Na tura Alhaji. A tanadi janareta ko a yi magana da masu wutar layin, don da sassafe ba lallai a samu wuta ba.

Maman Khalifa: Oga Makulli dan Allah in za a auna tsayin silindan daga ina ake farawa, daga notin tsakiya ko daga baki zuwa baki?

Oga Makulli: Daga notin tsakiya Hajiya, ki auna zuwa waje daban zuwa ciki daban don ba lallai su zo ɗaya ba. In da hali ma a kwance tsohon a tafi da shi kasuwa, wani ya zauna a gidan kafin a dawo.